Ƙofar da Aka Buɗe Ba Bisimilla

Da la'asar sakaliya Salbiah ta fito daga gida da makullan ofis a hannu, ta hau 'yar motar lantarkinta. Aikin da zai kai ta ba wani babba ba ne. Za ta je ofishin ƙungiyar masunta ta buɗe wa ma'aikatan kamfanin kwamfuta da ke birnin Perth hanya, su riƙa karanta rajistar babbar kwamfutar ajiya, wato bayanin wa ya shiga wa ya fita, daga can inda suke, ba sai an sako mutum a jirgin sama ya ƙetaro teku duk lokacin da wani abu ya lalace ba. Aiki ne na ɗan lokaci, amma ta daɗe tana ɗaga shi. Yau ta ce ciwon kai, gobe ta ce layin sadarwa ya yanke, har uzuri ya ƙare mata.

A kwanar masallaci Nek Amira, wato kakar Amira, ta tare ta. Tsohuwar na zaune a bakin ƙofa tana kankare kwakwa, kaji sun kewaye ta suna jiran abin da zai faɗo.

"Biah! Ina zuwa da yammacin nan? Ko sabon miji kika yi a ofis kike ɓoye mana?"

"Wane ni, Nek. Wannan mijin ƙarfe ne, sai gurnani. Ko kifi ɗaya bai taɓa kawo mini ba."

"Ai nawa ma haka yake, kuma shi ga cin shinkafa." Tsohuwar ta yi dariya, sannan ta ɗaga kai ta dubi sama, dariyar ta ɗauke. "Ki dawo kafin rana ta faɗa ruwa. In kuwa magariba ta riske ki a can, ki rufe ƙofofi da bisimilla. Iskar yau ba ta yi mini ba."

"In sha Allahu, Nek."

Ta ja mota ta wuce, sunan nan na yi mata ƙaiƙayi a kunne. Biah. A tsibirin nan namu, da mace ta haifi ɗan fari an naɗe sunanta ke nan an ajiye, sai a riƙa kiranta da sunan ɗan. Tun tana yarinya ɗanya ta zama Mak Faizul, wato uwar Faizul. Da shi aka san ta a kasuwa, da shi liman ke gaishe ta, da shi mijinta ya kira ta har ranar da Allah ya karɓi abinsa. Amma tun da teku ta ɗauke Faizul, sai mutane suka naɗe wannan sunan shi ma, don tausayi. Suka tono tsohon suka mayar mata. Ba wanda ya yi shawara da ita.

Faizul ya fita kamun kifi ne da ɗan kwalekwalensa wajen bakin duwatsun murjani, inda tafkinmu ke haɗuwa da babbar teku. An tsinci kwalekwalen a kife. Shi ba a tsince shi ba. An yi addu'o'i, an ci shinkafar sadaka, an naɗe tabarmi, kowa ya koma harkarsa. Babu kabarin da za ta je ta share, ta zuba wa ruwa.

Abu guda ya rage mata, kuma ba wanda ya san da shi.

Faizul ne ya haɗa wa ƙungiya wannan babbar kwamfuta, wadda suke kira saba, inda ake ajiye takardun kowa. Shi ya koya wa uwarsa kula da ita, yana tsokanarta yana cewa yatsunta sun fi dacewa da ɓarar tafarnuwa. Akwai aikin da sabar ke yi da kanta kowace yamma, na kwafe ajiyar ranar zuwa wani wuri don gudun asara. Saboda ƙiwa irin ta samari, maimakon ya buɗe wa aikin nasa akawun daban, sai ya ɗaura shi a kan nasa. "Gobe zan gyara, Mak," in ji shi. Goben ba ta zo ba.

Saboda haka kowace yamma, idan lokacin aikin ya yi, sai na'urar ta rubuta a rajistarta cewa Faizul ya shiga. Can an jima ta rubuta cewa Faizul ya fita.

Salbiah ba mahaukaciya ba ce. Ta san ƙarfe ne ke bin abin da aka tsara masa. Amma kowace safiya, kafin ta ɗora ruwan shayi a ofis, sai ta buɗe rajistar ta duba. Faizul ya shiga. Faizul ya fita. Kamar dai yaron da ya leƙo gida tana barci, ya sha ruwa ya koma. A duk faɗin tsibirin, wurin nan kaɗai ake ambaton sunansa kamar na mai rai.

Kuma ta san da zarar mutanen Perth sun fara karanta rajistar, za su gani. Dokar aikinsu ce, ba a barin akawun ɗin wanda ba ya nan a buɗe. Za su rufe shi.

Ofishin yana can ƙarshen gari, bayan tsoffin rumfunan shanya kwakwa, bayansa na kallon ruwa. Ma'aikata duk sun tashi, don aikin ba ya yiwuwa sai kowa ya fita daga cikin sabar. Ta shiga, ta kunna fitila, ta ajiye jakarta. Rana ta riga ta yi ja a kan tafki. Ta bi tagogi ɗaya bayan ɗaya tana rufewa da bisimilla. Ta rufe ƙofar gaba da bisimilla. Ta je ta baya, wadda ke fita bakin ruwa, ta tura sakata da bisimilla. Ta leƙa ɗan ɗakin da sabar take, ta ga fitilunta na ƙyaftawa, ga kujerar Faizul a gaban allonta yadda ya bar ta, ta ja ƙofar ta rufe da bisimilla. Daga teburinta na waje take yin komai. Ba ta son zama a kujerar nan.

Wayarta ta yi ƙara. Bronwyn ce, matar da ke kula da su daga Perth.

"Sal, baiwar Allah! Na ce yau ma za ki ce mini ƙaguwa ta cinye wayar intanet."

"Ƙaguwar ta ƙoshi, Bron. Ga ni."

"Madalla. Kowa ya tafi gida ya bar ni, ni da sanyin shayi. Mu yi mu gama, karena na can yana zagina."

Suka fara. Bronwyn na faɗa, Salbiah na dannawa. Ta sa akawun ɗin kamfanin cikin waɗanda aka yarje wa karanta rajista. Ta shiga katangar tsaron sabar, ta nemo ƙofar da rajista ke fita ta cikinta, ta rubuta adireshin ofishin Perth, don su kaɗai su iya shigowa.

"Gwada yanzu."

Ana jin ƙarar yatsun Bronwyn daga can nesa.

"Ba ya shiga. Wannan layin naku yana canja mana fuska a hanya, sabar ba ta gane mu. Kin ga, ki cire adireshin, ki zaɓi inda aka ce kowa. Na ɗan lokaci kawai. Da na shiga na ga da wace fuska na iso, sai mu ƙuntata."

"Kowa?"

"Kowa. Haba Sal, wa zai zo? Kuna tsakiyar teku, ko Allah-wadai ba ta san hanyar garinku ba."

Salbiah ta ɗan murmusa. A daidai lokacin ladan ya ɗaga murya daga cikin gari, iska na kawo kiran tana ɗaukewa. Ta ce a ranta bari ta danna wannan ɗaya ta tashi ta yi alwala. Hankalinta ba ya kan ƙofa, yana kan abin da Bronwyn za ta gani. Ta kai linzamin kwamfuta kan wurin da aka ce kowa, ta danna.

Ta rufe kowace ƙofa ta gidan nan da sunan Allah. Bai zo mata a rai ba cewa wannan ma ƙofa ce.

"Yawwa, na shigo," in ji Bronwyn. "Ga rajista na zubowa. Kai, kamar an fasa tulu. Bari in ga... Sal, wane ne Faizul?"

Ta san tambayar za ta zo.

"Ɗana ne. Shi ya haɗa sabar. Ya rasu."

"Wayyo, Sal. Ban sani ba. Ki yi haƙuri." Muryar ta yi laushi. "Na gane, aikin kwafe ajiya ne aka ɗaura wa sunansa. Kin san dole a sauya, ko? Ba yau ba. Sai kin shirya. Amma dole."

"Na sani."

"To bari in ga adireshin da..."

Kiran salla ya ɗauke. Ba ƙarewa ya yi ba, ɗaukewa ya yi a tsakiya, kamar an rufe shi da murfi. Iskar da ke kaɗa ganyen kwakwa tun safe ta tsaya cik. Ko ƙarar igiyar ruwa a bakin murjani, wadda aka haife mu muna ji, ba a jin ta.

"Sal," in ji Bronwyn a hankali. "Wa ke tare da ke a ofis?"

"Ba kowa."

"Sunan nan ya sake shiga yanzu. Amma ba irin shigar aikin kwafe ba ce. Na'ura tana bambancewa. Wannan shigar mutum ce, da hannu. A gaban sabar kanta."

Salbiah ta juya ta dubi ƙofar ɗan ɗakin. A rufe take yadda ta bar ta.

Sai ta ji warin. Warin bakin ruwa in ya janye, ciyawar teku da ta kwana a rana, da ƙarnin kifi. Yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofar.

Sai ƙarar. Ƙas. Ƙas-ƙas. Ƙas.

Madannan kwamfuta ne. Wani na rubutu a ciki. Kuma ta san wannan hannun. Faizul kan yi sauri, ya tsaya, sannan ya doki babban madanni da ƙarfi kamar mai kashe sauro. Sau nawa ta ce masa zai fasa kayan mutane.

Ƙas-ƙas-ƙas. Tas.

"Sal? Kina ji na? Ki fita daga wurin nan. Ki kira wani. Sal..."

Wayar ta yi ƙuuu, ta mutu.

Ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Ƙafafunta ne suka kai ta. Dandamalin ƙofar a jiƙe yake, ruwan ya taɓa yatsunta, sanyi ƙalau. Ta kama mariƙin ta tura.

Ɗakin duhu, sai hasken allo. Akwai mutum a kujerar. Ya ba ta baya. Rigar nan ce shuɗiya mai dogon hannu da ya fita da ita, har da ɗinkin da ta yi masa a kafaɗa da zaren da bai dace ba. Ruwa na ɗiga daga gashinsa. Ɗis. Ɗis.

Ta dafa bango.

"Faizul?"

Yatsun suka tsaya.

"Na daɗe ina ƙwanƙwasawa," in ji shi, can ƙasa-ƙasa. Muryarsa ce. Har da 'yar dusashewar da ta same shi tun ciwon maƙogwaron yarinta. "Kowace ƙofa a rufe. Sai yau."

Kuka ya ƙwace mata. Ba na tsoro ba. Wannan kukan ne da ta haɗiye ranar da maza suka dawo da kwalekwale babu mai shi, ta haɗiye a wurin sadaka don kada a ce ba ta yi tawakkali ba. Duk addu'ar da ta sani ta gudu daga bakinta.

"Ina ka shiga? Ɗana, ina ka shiga?"

"Sanyi nake ji. Na kasa hawowa ni kaɗai. Kwalekwalen na nan baya, ya maƙale. Zo ki kama mini."

Ya tashi. Bai juyo ba. Ya bi ta gefenta ya fita, fuskarsa a karkace wajen bango, sanyinsa ya shafe ta kamar an buɗe firjin kifi. Ya nufi ƙofar baya. Duk inda ya taka sai ya bar ruwa da ɗan yashi.

Ta bi shi.

A bakin ƙofar ya tsaya. Bai taɓa sakatar ba. Ya matsa gefe, kansa a sunkuye.

"Buɗe. Ni ba zan iya ba."

Ta ɗora hannu a kan sakatar. A bayan ƙofar nan ta san akwai tudu da ciyawa kafin a kai ruwa. Amma yanzu tana jin ruwan na lasar katakon, lap, lap, kamar tafkin ya taso ya zo yana jira.

Wani abu a can cikin ranta ya ce, wanda ya shigo bai iya fita? Ta ture tunanin. Ko ina ne za ta je. Ko ƙasan teku ne, in dai za ta riƙe hannun nan ta ɗumama shi.

Sakatar ta fara motsi.

"Yi sauri," in ji shi. "Yi sauri, Salbiah."

Hannunta ya tsaya.

Salbiah.

Yaron da ta goya, ta yaye, ta yi wa kaciya, ta raka makaranta, bai taɓa furta wannan sunan ba. Ko da wasa. Ranar da ya buɗe mata akawun a sabar nan, da ya zo wurin suna, tura mata madannan ya yi yana sosa ƙeya. "Ke rubuta, Mak. Ni bakina ba zai iya ba, hannuna ma ba zai iya ba." Ta yi ta yi masa dariya.

A wuri ɗaya kaɗai sunan nan yake a rubuce cikakke a gidan nan. A rajista. Abin da ke tsaye kusa da ita ya zauna ya karance ta, ya ga sunan da ke shiga kowace safiya yana neman Faizul. Iyakar abin da ya sani ke nan.

Ta ɗago ido a hankali. Hasken fitilar waje ya faɗa a gefen fuskar. Babu fuska. Wuri ne sumul, fari, kamar cikin kifi.

"Ɗana bai taɓa kiran sunana ba," ta ce.

Ta mayar da sakatar. "Bismillahi."

Ta juya da gudu.

Santsi ya kwashe ta, ta faɗi kan gwiwa, ta tashi. Ruwa ya rufe daɓen ofis, ya kai idon sawu, yana tafiya wajen wayoyin wuta. Fitila na lumshewa tana dawowa. Ta faɗa kan kujerarta. Allon na nan a kunne.

Ta san abin da za ta yi. Ta daɗe da sani. Shi take gudu tun farko.

Ta buɗe jerin masu akawun. Ga sunan. Faizul.

Taku a bayanta. Caɓ. Caɓ.

A'uzu billahi. Bakinta ya kama. A'uzu billahi minas shaiɗanir rajim.

Hannu ya sauka a kafaɗarta ta dama. Nauyi, jiƙe. Sanyin ya ratsa mayafi, ya ratsa nama, ya kai ƙashi.

Ta danna. Na'urar ta tambaye ta ko ta tabbata tana son dakatar da wannan akawun.

Sai abin ya sunkuyo daidai kunnenta. Ya riga ya koya. Ita ta koya masa da bakinta.

"Mak."



"Mak. Ni ne. Mak, kada ki rufe ni a waje."

Yadda yake faɗa in zazzaɓi ya kama shi. Yadda yake faɗa daga bakin ƙofa in ya dawo da kifi. Abin da ta roƙi Allah ta sake ji ko sau ɗaya, ko a mafarki.

"Mak, duhu ne a can. Mak."

Hawaye sun rufe mata ido, ba ta ganin allon. Ta san dai inda wurin yake.

"Faizul ɗina yana wurin Ubangijinsa," ta ce. "Ba ya buƙatar ƙofata."

"Mak..."

"Bismillahi."

Ta danna.

Ƙara ta tashi, ba ta mutum ba, irin ta iska in ta shiga bututu. Hannun ya matse kafaɗar har ta ji wani abu ya yi ƙas, sannan ya saki. Ba ta tsaya ba. Da hannun hagu ta koma katangar tsaro, ta cire kowa, ta rufe ƙofar gaba ɗaya, tana bisimilla tana kuka.

Fitila ta daina rawa.

Iska ta dawo cikin ganyen kwakwa. Can nesa igiyar ruwa ta ci gaba da dukan murjani. Daga masallaci ta ji muryar liman, har sun yi nisa a salla.

A nan Nek Amira ta same ta bayan an idar, ita da mijinta da tocila, don ta ga motar ba ta wuce ba. Sai da Salbiah ta rarrafa ta buɗe musu. Daɓen a bushe yake, sai farin gishiri da ya kwanta ko'ina, da sawu daga ɗan ɗakin zuwa ƙofar baya, daga can zuwa bayan kujerarta. Tsohon ya haska sawun, ya kashe tocilar. Nek Amira ta zauna a ƙasa ta jawo kan Salbiah ta ɗora a cinya, tana tofa mata addu'a.

"Na rufe shi, Nek," Salbiah ke ta faɗa. "Da hannuna na rufe shi."

"Ba shi kika rufe ba, 'yar nan."

"Na sani. Amma da muryarsa ya roƙe ni."

Tsohuwar ta ci gaba da shafa mata kai.

Kafaɗar ta warke, amma har yau ba ta ɗumi. Ko da tsakar rana ka taɓa wurin sai ka ji kamar ka taɓa tulu. Bronwyn ta mayar da aikin kwafe ajiya kan wani akawun marar sunan kowa, ta gyara ƙofar yadda Perth kaɗai ke shigowa. Rajista na tafiya can kullum lafiya lau. Bronwyn ba ta taɓa tambayar abin da ya faru ba, sai dai ta daina sa musu aiki da yamma.

Sau ɗaya kawai ta yi maganar, bayan an kwana biyu.

"Sal, akwai abin da nake gani. Kullum wajen faɗuwar ranarku, ana gwada shiga da sunan nan. Na'ura na hanawa. Babu adireshi, babu komai. In turo miki ki gani?"

Salbiah ta dubi tafki ta taga.

"A'a," ta ce. "Bar shi a wurinki."

Ba ta ƙara buɗe rajistar da safe ba. Ranakun farko sai ta ɗora ruwan shayi ta tsaya tana kallonsa har ya tafasa ya ƙone, don ba ta san me za ta yi da wannan lokacin ba. Sunan ya ɓace daga wuri na ƙarshe da yake.

Wata Juma'a, mata na zaune a barandar masallaci ana rarraba wainar shinkafa, wata ta miƙo mata faranti ta ce, "Kak Biah, karɓi." Kak, wato babbar yaya. Salbiah ba ta karɓa ba. Ta dubi matan ɗaya bayan ɗaya.

"Ina roƙonku wani abu," ta ce. "Na haife shi. Teku ba ta canja wannan ba. Kun ɗauke mini sunansa don kada in ji ciwo, sai na je ina nemansa inda bai kamata ba. Ku mayar mini da abina."

Wata ta sa gefen mayafi ta share ido.

Washegari da safe ta fito za ta ofis. A kwanar masallaci tsohuwar na nan a bakin ƙofarta, da kwakwarta da kajinta. Ta ga motar tafe, ta ajiye abin kankarar, ta gyara murya. Sai da ta buɗe baki sau biyu kafin sunan ya fito.

"Mak Faizul! An tashi lafiya?"

Ya soke ta daidai inda ta san zai soke ta. Ta tsayar da motar, ta riƙe sitiyari da hannu biyu har abin ya lafa.

"Na'am, Nek," ta ce. "Lafiya lau. Sake faɗa."